Tambaya da Amsa: Don Me Sai Mawaƙi Ya Rasu Muke Tuna Darajarsa?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, kuma duk da cewa daga garuruwa dabam-dabam suka fito, magana ɗaya suke kewayawa, wato yabo da godiyar da muke riƙewa a ciki har sai wanda ya cancance su ya bar duniya. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. A garinmu akwai wani tsohon mawaƙin noma wanda na tashi ina jin waƙoƙinsa a kaset ɗin mahaifina. Da na girma na kama aiki a Gusau, kullum nakan ce idan na je gida zan je in gaishe shi, in gaya masa yadda waƙoƙinsa suka riƙa ɗebe mini kewa lokacin da nake karatu nesa da gida. Na yi kusan shekara shida ina wannan niyya, har aka bugo mini waya a daminar da ta wuce aka ce ya rasu, bayan jinyar wata takwas a ɗaki. Kafin a dawo daga maƙabarta hotonsa ya cika Facebook, kowa yana cewa an yi babban rashi, alhali yawancinmu ba mu taka ƙofar gidansa ba duk tsawon jinyar. Ni ma na rubuta nawa, daga baya kunya ta kama ni. Shin wannan ba munafunci ba ne? Kuma me ya sa muke haka? (Daga wani ma'aikaci a Gusau)

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan wannan dattijo, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba iyalinsa haƙurin rashi. Ba zan kira abin da ka yi munafunci ba, ɗan'uwa, domin munafuki yana faɗin abin da babu shi a zuciyarsa ne, kai kuwa gaskiyar zuciyarka ka rubuta. Aibinta ɗaya ne, ta iso bayan kasuwa ta watse. Amma kuma ba zan lallashe ka in ce ba komai ba, domin kunyar nan da ta kama ka tana da amfani, kuma zai fi kyau ka riƙe ta har ta kai ka ƙofar wani tsohon da ke da sauran numfashi.

Dalili na farko yana cikin tarbiyyarmu. Bahaushe ya tashi ne a gidan da ake ɓoye ƙauna kamar yadda ake ɓoye kuɗi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wata ma ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Uba yakan ji daɗin ɗansa har cikin ransa, amma sai dai ya gaya wa abokinsa a majalisa, shi ɗan kuwa ba zai taɓa jin haka daga bakinsa ba. Muna da karin maganar da ke cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, wato kada a yi gaggawar yabo tun ba a ga yadda abu zai kaya ba. Hikima ce a muhallinta, sai dai mun ja ta har ta wuce arba'in, ta wuce saba'in, ta kai bakin kabari.

Dalili na biyu ya shafi mawaƙi shi kansa, kuma shi ne ya fi ciwo. A tsarin zaman Hausawa na gargajiya, makaɗa da maroƙa suna can ƙasa a jerin masu sana'a, duk da cewa babu naɗin sarauta, ko biki, ko gayya, ko dambe, ko kokawa da ke yin armashi ba tare da su ba. Mutum zai yi wa mawaƙi kyautar doki da babbar riga, a zamanin baya-bayan nan har da mota da kujerar Makka, amma ranar da ɗan mawaƙin ya zo neman auren 'yarsa sai a shiga kame-kame. Saboda haka mun saba da ba mawaƙi kyauta, ba mu saba da yi masa godiya ba, kuma abubuwan nan biyu ba ɗaya ba ne. Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: kuɗin da ake liƙa wa mawaƙi a goshi a filin biki, na wa ne? Mafi yawansa kuɗin sunan mai liƙin ne, domin yana jiran sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi ko shi ɗan wane ne, jikan wane, da abin da ya bayar. Ciniki ne, kuma babu laifi a ciniki, amma ranar da murya ta dushe, ko ƙafa ta daina kai mawaƙi filin wasa, cinikin ya ƙare, ba wanda yake jin ana bin sa bashin komai.

Nakan yi tunanin ko wannan yana daga cikin abin da ya sa manyansu suka ɗauki nauyin wasa kansu da kansu. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, yana da Bakandamiyarsa, Mamman Shata ma yana da tasa, kuma a cikinsu kowane ya yi wa gwanintarsa kirari son ransa. Ana cewa alfaharin gwanaye ne, kuma haka ne, amma ni ina jin wani abu a ƙarƙashinsa: mutum ya ƙare rayuwarsa yana ɗaga sunayen mutane, ya waiwaya bai ga wanda sana'arsa ita ce ɗaga nasa sunan ba.

Akwai dalili na uku wanda ba a cika lura da shi ba, kuma ina zaton shi ne ya cinye maka shekara shidan nan. Murya a kaset ba ta tsufa. Kai da ke jin tsohon a mota ko a waya, kana jin mutum ne mai shekara arba'in, ƙirjinsa cike da iska, 'yan amshinsa na karɓa masa da ƙarfi, sai zuciyarka ta ɗauka haka yake har yau, kuma ko yaushe ka je za ka same shi. Alhali mai muryar ya kai tamanin, haƙora sun zube, hawan jini ya kwantar da shi. Rediyo yana sa mu ji kamar muna tare da mawaƙi kullum, har mu manta cewa shi bai san muna yi ba.

Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. Shekarun baya wani aiki ya kai ni wani ƙauye, aka ce mini akwai dattijon da ya yi sama da shekara ashirin yana kiɗa da amshi a bayan wani sanannen mawaƙi. Na same shi a zaure a kan tabarma, idanunsa sun yi yana, ga kalangunsa rataye a ƙusa, fatar gefe ɗaya ta fashe, tsarkiyoyin duk sun saki. Bayan mun gaisa na ciro waya na kunna masa ɗaya daga cikin waƙoƙinsu. Ya sunkuyar da kai, ya ɗaga yatsa ɗaya sama kamar mai tsayar da magana, har aka zo wurin amshi, sai ya ce, "Ka ji wannan siririyar muryar ta sama? To, ni ne." Daga nan ya shiga rarrabe mini sauran muryoyin ɗaya bayan ɗaya, muryoyin da ni a kunnena duk a dunƙule suke, yana kiran sunan kowa da garinsu, yana cewa wannan ya rasu, wannan ma ya rasu. Na ce masa, "Baba, da wannan waƙa aka yi renona." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni, "Ashe har yanzu ana ji?" A ranar kuwa, na tabbata, an sa waƙar a tashar mota fiye da ɗaya. Na yi masa alkawarin zan dawo da na'urar ɗaukar magana mu zauna ya ba ni tarihinsu tun daga farko. Sai bayan shekara biyu na koma, na tarar da zauren a share, an sauke kalangun daga ƙusa. Ka ga ke nan, ɗan'uwa, mai ba ka amsa ma bai tsira daga abin da kake kuka da shi ba.

Dalili na ƙarshe kuwa sai an daure a faɗe shi: yabon mamaci ba shi da tsada. Mamaci ba zai ce ka saya masa magani ba, ba zai aiko ɗansa neman kuɗin makaranta ba, ba zai kuma yi wani abu gobe da zai sa ka ji kunyar yabon da ka yi masa jiya ba. Mai rai kuwa, idan ka ce masa kana ƙaunarsa, ka ɗaura wa kanka nauyi, kuma da yawanmu nauyin muke gudu.

Ba kullum muke makara ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, shekara goma sha ɗaya kafin rasuwarsa a watan Yunin 1999, saboda haka ya ji ana kiransa Dakta da kunnensa, ya kuma sa rigar da jikinsa. Tun kafin nan, a 1975, Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka da nazari a kan Shata, wato ɗan boko ya zauna a gaban mawaƙi yana neman sani a wurinsa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kwashe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa da waƙoƙinsu. Waɗannan su ne irin yabon da ya isa ga mai shi, ko ya isa ga na bayansa da amfani. Amma Shata ɗaya ne, kuma irinsa ba su ne abin damuwar ba. Abin damuwa shi ne mawaƙin noman garinku, da mai gurmin da ke bakin kasuwa, da 'yan amshin da muka haddace muryoyinsu ba mu san sunan ko ɗayansu ba.

Yanzu abin da ya rage tsakaninka da marigayin addu'a ce da sadaka, su ne suke isa gare shi. Rubutun Facebook na masu rai ne. Idan ka je gida, ka je gidan, ka gaya wa iyalinsa maganar da ka yi niyyar gaya masa, ka kuma tambaya ko akwai wanda ya rage cikin 'yan amshinsa.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Damagaram. A unguwarmu akwai wata tsohuwa mai kiɗan ƙwarya wadda ita ta yi kiɗan bikin iyayenmu mata, ta kuma yi namu. Yanzu ta tsufa, ba ta fita. Na so in haɗa 'yan'uwana mata mu kai mata gaisuwa da ɗan alheri, mu gaya mata ba mu manta da ita ba. Sai yayana ya ce bai kamata ba, wai akwai hadisin da ya ce a watsa ƙasa a fuskar masu yabo, kuma wai girmama mai kiɗa ƙarfafa saɓo ne. Ina gaskiyar wannan magana? (Daga wata malama a Damagaram)

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya. Hadisin da yayanki ya kawo ingantacce ne, Muslim ya ruwaito shi daga Miƙdad, kuma akwai wani a Bukhari da Muslim inda wani mutum ya yabi wani a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya gargaɗe shi cewa da wannan yabo tamkar ya yanke wuyan abokin nasa ne. Amma malamai sun yi bayanin cewa abin da ake nufi shi ne yabon da ya wuce iyaka, ko na ƙarya, ko na neman abin hannun wanda ake yabo, ko wanda ake tsoron zai sa wa mutum girman kai. A cikin hadisi na biyun ma an koyar da yadda za a yi idan yabon ya zama dole: mutum ya ce ina zaton wane haka yake, Allah ne masanin haƙiƙaninsa. To, tsohuwar da ke zaune a ɗaki, wadda ba ki neman komai a wurinta, wane girman kai gaisuwarku za ta sa mata?

Ga kuma ɗaya ɓangaren, wanda ban san dalilin da ya sa ba a cika karanta mana shi ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa idan mutum yana ƙaunar ɗan'uwansa, to ya sanar da shi yana ƙaunarsa. A wata ruwayar ta Abu Dawud daga Anas, wani mutum yana zaune tare da Annabi, sai wani ya wuce, na zaunen ya ce shi yana ƙaunar wancan. Aka tambaye shi ko ya sanar da shi, ya ce a'a, aka ce ya sanar da shi. Sai ya tashi ya bi shi ya gaya masa. Ki lura, ba a ce ya bari sai sun sake haɗuwa ba, mutumin tashi ya yi ya cim masa a hanya. Shi kansa Manzon Allah ya kama hannun Mu'azu ɗan Jabal ya rantse masa cewa yana ƙaunarsa. Sannan ga hadisin da kowa ya sani, cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Idan kuma ana maganar masu fasahar harshe ne, Hassanu ɗan Sabit ya ji yabon waƙarsa yana raye, Ka'abu ɗan Zuhairu kuma ya karɓi kyautar mayafi bayan ya rera ƙasidarsa.

Game da hukuncin kiɗa, malamai sun yi saɓani tun da daɗewa, musamman a kan nau'o'in kayan kiɗa da irin wurin da ake yin sa, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne. Ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa. Abin da zan iya cewa shi ne, ko da mutum ya ɗauki ra'ayi mafi tsanani, haƙƙin maƙwabtaka, da duba mara lafiya, da girmama tsoho, da ciyar da mabukaci ba su faɗuwa saboda sana'ar da mutum ya yi. Ku ba filin biki za ku kira ta ba, ɗakinta za ku je da sabulu da hatsi da kyakkyawar magana. Ki gaya wa yayanki haka cikin ladabi, kuma ina kyautata zaton zai fahimta, wataƙila ma ya ƙara muku wani abu a cikin kayan.

Ina ƙara ƙarfafa miki gwiwa saboda mata masu waƙa sun fi kowa shiga wannan rami na mantuwa. Waƙarsu a cikin gida ake yin ta, a bikin aure da suna, inda ba a cika kai na'urar ɗauka ba, saboda haka idan mace ɗaya ta rasu takan tafi da ɗaruruwan waƙoƙi a cikinta. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a watan Maris na 2013, tana cikin 'yan ƙalilan da muryarsu ta fita daga tsakar gida ta shiga kaset da talabijin, ta yi ta zaburar da mata a kan su kama sana'a su daina zaman jira. Masu amada irinta da suka yi zamani a garuruwan Hausa suna da yawa, amma sunayen mafi yawansu sun tsaya a bakin matan unguwarsu. A can wajenku a Nijar an sanya wa gasar kiɗa ta ƙasa sunan mawaƙin nan Ɗan Gurmu na Tawa bayan rasuwarsa, kuma abin a yaba ne, sai dai amfanin irin wannan karramawa na matasan da ke shiga gasar ne. Tsohuwar unguwarku kuwa tana nan, tana ji, tana gani. Idan kun je, kada ku tsaya a kan "mun gode" kawai. Ku tuna mata bikin wance, da waƙar da ta yi wa uwar amarya a ranar, da yadda aka yi dariya; za ki ga yadda fuskarta za ta sauya.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Kano, ina son tsofaffin waƙoƙin Hausa ƙwarai, wayata cike take da su. Ba ni da kuɗin da zan taimaki kowa. Mene ne irina zai iya yi? (Daga wani ɗalibi a Kano)

AMSA: Ɗana, zumunta a ƙafa take, kuma ƙafa ba ta bukatar jari. Abu mafi daraja da kake da shi yana cikin aljihunka, wato wayar nan da ka cika da waƙoƙi, domin tana ɗaukar magana kamar yadda take fitar da ita. Ka nemi tsohon makaɗi ɗaya a unguwarku ko a garinku na asali, ka je masa da sallama da ɗan goro, ka nemi izininsa, ka zauna ka yi masa tambayoyi: wa ya koya masa, a hannun wa ya yi amshi, wane dalili ya sa aka yi waƙa kaza, su wane ne mutanen da aka ambata a cikinta, da wace fata ake rufe kotso ko taushi ko kalangu. Tsofaffin waƙoƙinmu cike suke da sunayen mutane da garuruwa da zambo da habaicin da ba mai warware su sai wanda aka yi abin a gabansa. Ka dubi waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991: rabin daɗinsu yana ga sanin wa ake nufi da me ya faru a fada a lokacin. Zaman da za ka yi kana tambayar dattijo yana amsawa shi kansa girmamawa ne, domin ka nuna masa cewa abin da ke kansa ilimi ne. Idan ka gama ka ba iyalinsa kwafi, ka kuma kai wani sashen nazarin Hausa na makarantarku. Ka yi shi a hutun nan mai zuwa; ka dai ji abin da jinkirin shekara biyu ya ja mini.

Abu na biyu zai ɗan sosa maka rai, amma tunda ka tambaya sai in faɗa. Waƙoƙin da ke wayarka, nawa ne daga cikinsu kuɗinsu ya isa hannun mai su ko magadansa? Tun zamanin kaset ake kwafar waƙoƙin mawaƙanmu ana sayarwa ba da saninsu ba, yau kuma a kasuwar waya ake tura ɗaruruwa a katin ajiya da 'yan kuɗi kaɗan, wasu kuma su ɗora su a YouTube da sunan tasharsu suna karɓar kuɗin talla. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, faifan da aka ɗauka kuma shekara 50 daga fitowarsa. A bisa wannan lissafi, waƙoƙin Shata suna da magada masu haƙƙi a kansu har ƙarshen 2069. Ba na cewa kai ne za ka gyara wannan, amma kai ɗan boko ne, kana iya karanta doka ka bayyana wa tsohon da bai san yana da haƙƙi ba, ka nuna wa 'ya'yansa hanyar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka. Idan kuma za ka tura wa abokinka waƙa, ka rubuta sunan mai ita daidai. Na sha ganin an liƙa wa waƙar wani sunan wani.

Game da mawaƙan zamaninku kuwa, waɗanda kuke iya aika wa saƙo kai tsaye, ka bambanta yabo da tumasanci. Cewa "ba kamarka" kowa yana faɗa, kuma ba ya ƙara wa mawaƙi komai sai kumburin kai. Ka gaya masa wane baiti ne ya taɓa ka da dalilin haka, idan kuma ya saki layi ka gaya masa cikin mutunci. Ka tuna Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a watan Yunin 2015: da ɗan kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya ya yi wa yaran mota da sauran talakawa masu neman na kansu waƙa, mutanen da ba su da doki ko riga da za su ba shi. Shi ya ga darajarsu ya faɗa suna ji, kuma ban ga abin da zai hana a yi wa masu sana'arsa haka ba.

TAMBAYA: Malam, tawa ba ta mawaƙi ba ce. Mahaifina ya haura shekara saba'in, da sana'ar ɗinki ya yi mana karatu mu bakwai. Ina yi masa hidima gwargwadon iko, amma ban taɓa buɗe baki na ce masa na gode ba, kuma duk lokacin da na yi niyya sai nauyi ya hana ni. Yaya zan yi? (Daga wani magidanci a Zariya)

AMSA: Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Hidimar da kake yi godiya ce, kuma ya san da haka, amma kunne ma yana da nasa rabon. Ba sai ka aro salon da ba namu ba, wanda zai sa ku duka biyu ku rasa inda za ku sa fuskarku. Kunyar Bahaushe tana da ƙofofinta. Kana iya bi ta kan jikokinsa, ka tara su a gabansa ka ba su labarin yadda kakansu yake kwana a kan keken ɗinki a daren sallah don a biya kuɗin makarantarku, kana yi da su, shi yana ji. Kana iya bi ta addu'a, wadda ba a jin nauyinta. Kana kuma iya yi masa tambaya a kan wani abu da ya yi muku tun kuna yara, ka bar shi ya ba da labarin da kansa.

Idan ka fi son ta kai tsaye, ka zaɓi lokacin da kuke ku biyu, kamar bayan sallar isha'i idan ka rako shi daga masallaci, inda duhu zai rage muku nauyin haɗa ido. Ka ce, "Baba, ina tuna shekarar da ka sayar da kekenka na hawa ka biya mini kuɗin jarrabawa," ko wani abu makamancin haka da ya faru a gidanku, sannan ka ce, "Allah ya saka maka da Aljanna." Mai yiwuwa ba zai ce komai ba sai "amin", ko ya tambaye ka ko an rufe ƙofar gida. Ka amsa masa, ka yi masa sai da safe.